Azumi Sha Shida Bai Isa Ba

"Sha shida na cika, Kaptin. Ka tambayi Ummi. Ka tambayi duk wanda ya ci shinkafarmu ranar Sallah."

"Ban ce ƙarya kake ba," in ji Kaptin Fawaz. "Da lissafin hijira ka cika. Su miladi suke so."

"Su wa?"

"Masu motar. Masu dokar."

Ina tsaye a bakin gareji, makullin motar Baba a hannuna. Ni na kawo Shafi'u, ƙanena, filin tseren da ke bayan gari, kamar kowace Asabar. Tun daga gida ya sako rigar tsere. Zufa ta jiƙa ta har gadon baya.

Tun yana ɗan shekara goma yake tuƙa kartin, ƙananan motocin nan da mazaunin direba ke kusan gogar kwalta. Kaptin Fawaz ne ya koya masa. Sau ɗaya a shekara wata ƙungiya take zuwa ta gwada yara a babbar motar tsere, ta gaske. Wanda ta ɗauka sai ta riƙe shi, ta ba shi masauki da makaranta, ta nema masa takardar zama. Sharaɗin farko, shekara sha shida cif.

A gidanmu ba a ƙirga shekara da Janairu. Ummi da azumi take ƙirgawa. A goman ƙarshe na Ramadan ta haifi Shafi'u, a unguwar Karantina, kuma duk shekara in aka shiga goman ƙarshe sai ta dafa kansa ta ce, "Ka ƙara ɗaya." Bana ta ce sha shida. Ranar Sallah ta dafa shinkafa da kaji, ta kira mutanen bene. Ba wanda ya tuna shekarar wata ta fi ta rana gajarta, kuma ɗan abin da ke raguwa kowace shekara taruwa yake yi. Ni da na gama sakandare ma ban tuna ba. Sai yau da Kaptin ya shigar da lambar iƙamar Shafi'u, takardar zamansa, a kwamfuta. Saura kusan wata shida.

"Baɗi kana nan da ranka," Kaptin ya ce. "Motar ba guduwa za ta yi ba."

"Baɗi ina Maradi."

Kaptin ya dube ni. Na gyaɗa kai.

Tun da aka rushe Karantina muke raɓe a gidan Gwaggo Mas'uda a unguwar Safa, mu huɗu a ɗaki guda. Kafilin Baba, ɗan ƙasar da muke zaune da sunansa, ya rufe shagon da Baba ke aiki, ya ce ba zai sabunta mana iƙama ba. Bayan Babbar Sallah za mu fita, fitar da ba dawowa. Ni da Shafi'u ba mu taɓa ganin Maradi ba sai a wayar Ummi. Ni kam na zagaya neman wanda zai ɗauke ni aiki ya riƙe mini iƙama, daga Balad har bakin teku, ban samu ba. Tafiyata ta tabbata. Ta Shafi'u ce kawai ke da ƙofa guda.

"Akwai rangwame," Shafi'u ya ce. "Na sani. In saura 'yan watanni, kuma mai koyarwa ya shaida yaro ya natsu, suna bari. Bara an yi wa wani."

"An yi."

"To ka shaida."

"Wancan yaron bai taɓa tura kowa cikin tayoyi ba."

"Sa'ud ne ya tare mini kwana!"

"Shekararsa sha biyu. Kuma atisaye ne, ba gasa ba."

Duk wannan da Larabci suke yi. Sai Shafi'u ya juya kai ya ce da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Matsoracin banza."

"Na ji, yaro," in ji Kaptin da wata Hausa mai karyayyen baya. "Kakata Bahausa ce. Ta fi ka iya zagi, da muciya take haɗawa." Ya koma Larabci. "Yalla, je ka cire rigar nan, ka sha ruwa. Othman, zo."

Na bi shi cikin gareji. Babbar motar tana can an lulluɓe ta, hancinta kawai ya leƙo. Warin roba da mai. Ya zauna a kan wata taya, ya shafa gemu.

"Ban taɓa koyar da mai hannu irin nasa ba," ya ce. "Wallahi. Yana jin kwalta a jikinsa. Amma kartin in ya kauce, tayoyi ne ke tare shi, ya tashi ya kakkaɓe wando. Wannan in ta kauce, bango ne. Shekarun nan da yake raina wa, ba don tsawon ƙafa aka sa su ba. Ana jira ne yaro ya koyi ɗaga ƙafa daga totur alhali ransa a ɓace yake."

Ya ɗago ya dube ni.

"Ni ranar Asabar kawai nake ganinsa. Kai kake kwana da shi. In ka ce mini abin Sa'ud kuskuren rana ɗaya ne, in ka ce ya natsu, halas, zan shaida. Da maganarka zan tsaya gabansu."

Na kalli hancin motar.

Abin da na sani ke nan. Tun ranar da Baba ya dawo da labarin fita, Shafi'u bai cinye abincinsa ba. Bayan hannunsa na dama duk ya sassale, ya ce wa Ummi sarƙar kartin ce, ni kuwa na ga inda yake naushi a bangon banɗakin Gwaggo. Yau ma a hanya, muna wuce wata tirela, ya ce, "Gara a kwashe gawata a kwanar tsere da a sauke ni a Maradi." Da dariya ya faɗa. Dariyar ce ba ta yi mini ba.

Kalma ɗaya ake nema a wurina. Na ji ta a bakina, na juya ta.

"Bai natsu ba," na ce.

Kaptin ya sauke numfashi. Kamar ya ji sauƙi, kamar kuma bai so ba. Sai na ga idonsa ya wuce ni.

Shafi'u na tsaye a bayan tarin tayoyi, ya zuge rigar zuwa ƙugu. Gorar ruwa biyu a hannunsa. Ya zo ya ajiye ɗaya a gabana, a ƙasa, a hankali. Ya fita.

Har muka iso Safa bai buɗe baki ba. Da can shi ke damuna da surutu, nan ka makara da birki, nan ka ci kwana kamar mai ɗauke da ƙwai. Ranar sai ƙarar iyakwandishan.

A gida Ummi ta ƙi yarda.

"Ni na haife shi. Kwamfuta ce za ta gaya mini shekarun ɗana? Tana ina ranar da nake naƙuda?"

Ta shiga ƙirgawa da yatsu. Azumin da aka yi ruwa ya shiga ɗaki. Azumin da ya yi ƙyanda. Azumin da ya fara kai wa azahar. Ta kai sha shida, ta sake daga farko, ta sake kai wa sha shida. Na yi mata bayanin wata da rana. Ta saurara har na gama.

"Wato ni na cuce shi," ta ce. "Na sa shi yana jiran ranar da ba tasa ba."

"Rakia, bari," in ji Baba. "Ba rabonsa ba ne."

Na jira Shafi'u ya faɗa musu sauran. Bai faɗa ba. Ya bar Ummi da laifin, ya bar ni da abin da na sani. Ya ci gaba da kwanciya kusa da ni, bayansa a wajena. In zai miƙo mini abu sai ya ajiye a tsakani.

Kaptin ya kira sau biyu ya ce ya zo ya yi tuƙin bankwana a kartin. Bai je ba.

Ranar gwajin muna ɗaure kaya. Masu kago, masu jigilar kaya, za su zo bayan la'asar, Baba ya ce duk abin da bai shiga kwali ba a bar wa Gwaggo. Ummi na naɗe kofuna cikin tsofaffin zannuwa. Ni ina riƙe bakin kwali, Shafi'u na jan salatif. Wayarsa na ta haske a kan katifa, yaran filin suna turo hotuna. Ya kife ta.

Ya ɗauko hular kwanonsa ya sa a kwalin. Murfin ya ƙi rufuwa. Ya juya ta, ya danna, ya ƙi.

"Wannan ta cika wuri, Shafi'u," Baba ya ce a hankali. "Can ba inda za ka sa ta."

Ya ciro ta. Ya riƙe ta a cinya, yana goge gilashin da gefen rigarsa. Ya daɗe yana gogewa.

"Yaya."

Tun ranar filin bai kira ni ba. Ummi ta tsaya da kofi a hannu. Baba ya ɗago.

Bai dube ni ba. Muryarsa ba faɗa a ciki, shi ya fi ciwo.

"Tsoron in mutu ka ji, ko tsoron in zauna kai ka tafi?"