Bargon Rigunan Umma

Yayata ba ta iya yin abu rabi da rabi ba. Wannan halin nata ne ya ja mana, kuma ko a gaban idonta zan faɗa.

Mai haɗa magani ce a asibiti. Wuni guda tana aune-aune, amma in ta dawo gida, maimakon ta miƙe ƙafa kamar kowa, sai ta shige ɗan ɗakin da ke ƙarshen baranda ta hau keken ɗinki. Ba tela ba ce, ba ta taɓa ɗinka wa kowa riga ba. Abu biyu take yi. Na farko 'yan tsana na wani yadin ulu mai kauri wanda ko an yanka bakinsa ba ya warwarewa: zomo, giwa, kifi mai idon maɓalli. Ta cusa musu auduga, ta kai wa yaran da ke kwance a asibitinsu. Na biyu bargon haɗe-haɗe. Ta yayyanka yadi ƙanana-ƙanana daidai wa daida, ta jera su a ƙasa, ta tsaya tana kallo tana sauya musu wuri, sannan ta haɗa su, ta shimfiɗa auduga a tsakiya, ta bi da layin ɗinki. In kusurwa ɗaya ta kauce da kaurin zare, wallahi sai ta farke layin gaba ɗaya. Ni kuwa ko maɓallin rigata ne ya cire, fil nake maƙalawa in yi gaba.

Da Umma ta rasu, Allah ya jiƙanta, sai zaman Baba ya zama abin dubawa. Ciwon sukari ya daɗe da cinye masa ido, ita ce idonsa. Gidan hayarsu a saman bene yake, ga matakala mai santsi. Ni ɗaki ɗaya gare ni kusa da makarantar da nake koyarwa, don haka aka tsayar zai koma gidan Yaya. Ɗakin da aka ware masa gado ɗaya da kujera kawai yake ɗauka. Babbar durowar Umma, wadda rigunanta ke rataye a ciki yadda ta bar su, ba ta da wurin shiga.

Ita kuwa durowar nan ita ce abin da ya rage masa. Kullum da safe, kafin ya sha shayi, sai ya laluba ya buɗe ta, ya tsaya a bakinta yana shafa rigunan ɗaya bayan ɗaya. Mukan ba shi wuri mu koma falo, don ba abin kallo ba ne.

"In durowar ba za ta shiga ba, ni ma ba zan shiga ba," in ji shi.

Muka yi lallashi har muka gaji. Mijin Yaya ya zo da ma'auni ya gwada ƙofa, ya gwada bango, ya girgiza kai. Sai Yaya ta durƙusa gaban Baba ta riƙe hannunsa.

"Baba, ka ba ni rigunan in ɗinka maka bargo da su."

"Yanka su za ki yi?"

"Zan yanka, amma kowace riga za ta shiga. Maimakon ka tashi ka je wurinsu, suna jikinka kullum."

Har na zaci ya ƙi. Can ya ce, "Duka a jikina?"

"Duka, Baba."

"To, ɗauki."

Na ji daɗi ranar, ba zan ɓoye ba. Har na ce a raina, yau dai wannan wasan ƙyallen na Yaya ya yi rana.

Ƙarshen mako na leƙa gidanta. Tun daga bakin ƙofa na hango igiyar shanya cike da Umma. Ga koriyar rigarta ta zuwa asibiti, ga mai ɗigo-ɗigo da take girki da ita, ga mayafin nan ruwan toka da muka yi ta roƙonta ta yar. Iska tana kaɗa su, ƙanshin sabulu ya cika barandar.

"Wanki kuma?" na ce. "Ai ba datti gare su ba."

Yaya ta dube ni irin kallon da take wa wanda ya sha magani ba bisa ƙa'ida ba.

"Auta, ba a haɗa bargo da yadin da ba a wanke ba. Wani zai tsuke, wani ba zai tsuke ba, sai ɗinkin ya yamutse. Ga rini. Kin ga jar nan? Sau biyu na wanke ta kafin ta daina zuba. Da na haɗa ta haka, ranar wankin farko sai ta ɓata farare."

"To, malama, na ji."

Na taya ta kwashewa ma. Ta goge su sumul, ta farke wuya da hannuwa, ta fara yanka. Ban ga komai a ciki ba. Ita ma ba ta gani ba. Ƙa'idar aikinta ce, kamar wanke hannu kafin a taɓa magani.

Aikin ya ci makonni. Ana cikin haka, wata rana da yamma ina gidan Baba ina shirya masa kaya a kwali, shi yana zaune bakin gado da kofin shayi, sai ya ce, "Ina labarin bargona?"

"Ya kusa, Baba. Ka ga kyau kuwa? Ta sa kore a tsakiya, ta zagaye da..."

"Ni da ba na gani, me launi zai yi min?" Ya yi 'yar dariya. "Ki dai tuna wa yayarki, kada ruwa ya taɓa su. Na san ta da tsafta."

Na tsaya da takalminsa a hannu.

"Me ya sa, Baba?"

"Au, ke ma sai an faɗa miki? Ƙanshin Ummanku mana. Yana nan a wuyan rigunan, musamman mai ɗigo-ɗigon nan. In na buɗe durowar, sai in ji kamar yanzu ta fita daga ɗakin. Kina tsammani yadin nake lalube?"

Wallahi haka muke tsammani. Shekara nawa muna tare da makaho a gida, amma da ido muka yi masa tunani.

"To, Baba, zan faɗa mata," na ce.

Ban tsaya rufe kwalin ba. Na samu Yaya a ɗakin ɗinki, bargon shimfiɗe a kan cinyarta tana ɗinke masa baki da allurar hannu. Ya yi kyau, tsinannen bargon, ya yi kyau sosai. Na faɗa mata abin da Baba ya ce, kuma ban zaɓi kalmomi ba.

"Ke da iyayinki! Komai sai kin wanke, komai sai kin goge, komai sai ya miƙe! Wa ya roƙe ki?"

"Ba wanda ya faɗa min," in ji ta a hankali.

"Sai an faɗa miki? Ba ke ce mai ilimin ba?"

"Ke da kika taya ni kwashewa daga igiya fa?"

Ta soke allurar a jikin bargon, ta ɗago wani gefe ta kai hanci, ta sake ɗago wani. Ta jawo jakar ragowar ƙyallaye ta zazzage a ƙasa, muka durƙusa muna shinshina su ɗaya-ɗaya kamar waɗanda suka zautu. Sabulu. Ko'ina sabulu. Ko zare ɗaya ba ta bari ba, don Yaya ba ta mantuwa.

Sai ta fashe da kuka. Tun rasuwar Umma ban ga hawayenta ba, ita ce mai tsayawa ta sallami baƙi. Na ji tausayinta ya kama ni, amma haushin bai tafi ba, duka biyun suka zauna min a ƙirji.

"Gobe zan je in faɗa masa," ta ce.

"Ki faɗa masa me? Mutumin da da ƙyar ya yarda ya bar gidan? In ya ji, wallahi ko an ɗauko shi ba zai zauna ba."

"To ya za mu yi?"

"Ba haɗa abubuwa ne aikinki ba? Haɗa."

Washegari muka kwaso abin da ya rage a kan madubin Umma: kwalbar turarenta da saura kaɗan a gindi, man zafin da take shafa wa gwiwa, man gashi, hoda. Yaya ta jera su a teburin yanka, ta kawo ƙananan ƙyallaye, tana ɗiga wannan tana shafa wancan, tana miƙo min.

"Ya yi?"

"Man zafin ya yi yawa. Umma ba ta warin asibiti."

"Tana yi mana, da yamma."

"Ni albasa nake tunawa da hoda."

"Albasa! Uwar tamu za ki ce tana warin albasa?"

Muka yi dariya har da riƙe ciki, daga nan kuma dariyar ta juye. Mu biyu, daga cikinta muka fito, a bayanta muka yi barci, amma ba mu iya yarda a kan yadda take ƙanshi ba. Kowa da tata uwar a hanci. Mijin Yaya ya leƙo ya ce ɗakin ya koma kantin magani, muka kore shi. A ƙarshe muka tsaya a kan wani haɗi da ba wadda ta gamsu da shi. Yaya ta shafa shi a bayan bargon da gefen da zai taɓa fuska, ta naɗe, ta ɗaure a leda don ya kama.

Ranar da Baba ya tare, bayan an ajiye masa rediyonsa da sandarsa inda hannunsa zai kai, Yaya ta kawo bargon ta ɗora masa a cinya. Ni ina tsaye a bakin ƙofa.

Ya fara bi da yatsu. Ya bi layin ɗinkin tun daga wannan gefe har wancan.

"Kai, wannan aiki! Ko ɗaya bai karkace ba. Allah ya yi miki albarka." Yatsansa ya tsaya a kan wani yanki. "Wannan ta zuwa asibiti ce."

"Ita ce, Baba."

"Wannan kuma mayafin da kuka tsana."

Har ya ba mu dariya. Sannan ya tattaro bargon da hannu biyu ya kifa fuskarsa a ciki. Ya daɗe. Na ga kafaɗunsa suna hawa suna sauka. Ya juya wani gefen ya sake kifawa.

Da ya ɗago sai ya ce, "Kun sa mata turare."

Yaya ta buɗe baki. Na taka mata ƙafa.

"Kaɗan ne, Baba," na ce. "Ya daɗe a ɗakin ɗinki, muka ce kada ya ɗauki warin man keke."

"Kayya, yara. Ai kun danne nata. Ita ba ta sawa haka, ɗigo ɗaya take yi a nan." Ya taɓa bayan kunnensa. Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya shafa bargon kamar mai lallashin jariri. "Ba komai. Ku shanya min shi a iska. Na saman zai tafi, nata zai fito. Nata ya shiga zare shekara da shekaru, ba ya fita da sauƙi."

Yaya ta fice daga ɗakin da sauri. Na ji ta buɗe famfo a banɗaki ta bar shi yana zuba.

Tun daga ranar, kullum da safe kafin ta tafi aiki sai ta rataya bargon a igiyar baranda. Ni kuma in na taso daga makaranta sai in biyo in sauke, in kai masa. Ɗakin ɗinkin a rufe yake. Na leƙa sau ɗaya, na ga wata giwa a kan tebur da kunne ɗaya, allura soke a wuyanta. Yaran asibiti suna ta tambayarta, ta ce musu keke ya lalace.

Sau da yawa na shiga da niyyar faɗa masa. In tsaya a gabansa da bargon a hannu, maganar tana bakina, sai in ga yadda yake miƙo hannu tun kafin in ƙaraso, yana murmushi. Sai in haɗiye. Na yi da-na-sanin ƙaryar nan fiye da wankin, don wankin kuskure ne, ita kuwa da sanina na yi ta. Amma duk ranar da ta wuce, faɗar gaskiyar tana ƙara nauyi.

Man zafin ne ya fara tafiya, sai hodar. Turaren ya fi su taurin kai, amma shi ma ya bi su. Jiya da na sauke bargon na shinshina shi lungu-lungu a baranda kafin in shiga. Babu komai sai rana da ɗan sauran sabulu.

Na miƙa masa. Ya kifa fuskarsa, ya daɗe fiye da kullum. Ya juya gefe, ya juya wani, har ya zagaye kusurwa huɗun. Sannan ya ninke shi a hankali ya ɗora a cinya, ya bar tafinsa a kai.

"Turaren ya fita, Auta."

"Ya fita, Baba."

"To, saura kaɗan ke nan," ya ce. "Gobe ma a shanya."