A Kulle a Shagon Gado

Ranar Asabar ɗin da 'yan tawaye suka shigo N'Djamena, Lauratu tana shagon kwamfutar Gado a unguwar Chagoua. Ɗalibar informatique ce, wato ilimin kwamfuta, ba ta da na'ura a gidansu na Abena, shi ya sa ta yi sammako duk da mahaifiyarta ta ce kada ta fita. Aikin da malaminsu ya bayar ya tsaya mata a wuya: liste chaînée, wato jerin bayanai inda kowane ƙulli yake riƙe da adireshin na gaba da shi. Ƙara ƙulli ba ya ba ta wahala. Amma duk sanda ta cire ɗaya daga tsakiya, sai shirin da ta rubuta ya mutu.

Tana cikin gwadawa manyan bindigogi suka fara tashi. Gado, dattijon da ke da shagon, ya zabura ya jawo ƙofar ƙarfe. Kafin ta rufu, wata tsohuwa mai tallan gyaɗa, Indo, ta kutso da farantinta a ka. Nan take wuta ta ɗauke. Lauratu ta duba wayarta, babu layi.

"Kawu, bari in ruga gida," in ji ta.

"Ba inda za ki. Harsashi bai san ɗaliba ba."

Shagon ba shi da taga sai wata 'yar kafa can sama. Zafi ya dafa su. Suka ci gyaɗar Indo, suna kurɓar ruwan jarka kaɗan-kaɗan. Da wani abu ya faɗi kusa har ƙura ta zubo daga rufi, Lauratu ta fashe da kuka tana kiran Innarta. Indo ta jawo ta jikinta.

Washegari harbin bai lafa ba. Don kada hankalinta ya gushe, Lauratu ta jera ɓawon gyaɗa a ƙasa, tana ja musu kibiya da yatsa a cikin ƙura.

"Duba kike yi mana, 'yata?" Indo ta tambaya.

"A'a, Iya, karatu ne. Wannan ya san inda wannan yake, shi kuma ya san na gaba."

Ta ɗauke ɓawon tsakiya, sai ta gano kuskurenta. Ashe tana goge ƙullin ne tun kafin ta haɗa na bayansa da na gabansa, adireshin ya tafi tare da shi. Layi biyu kawai za ta sauya wa wuri.

"Kawu, don Allah ka tada injin wuta, in gwada abu ɗaya."

"Ki ji mini yarinya! Ƙararsa ta kira mana masu wawaso?"

Ta zauna tana kallon baƙin gilashin kwamfutar, ga amsa a kanta, ga na'ura a gabanta, ba halin taɓawa. Haushi ya hana ta yi masa magana har azahar.

Ba a tada injin ba, amma masu wawason sun zo. Da la'asar aka fara dukan ƙofar da ƙarfe, ana zagi da Larabci. Gado ya tura matan ƙarƙashin teburin kanta, ya rufa musu tabarma, sannan ya buɗe da kansa kafin a ɓalle. Samari ne, ɗaya da bindiga. Ta ƙasan tabarmar Lauratu ta ga ƙafafunsu suna kaiwa da komowa. Suka kwashe kwamfutocin duka, har wadda aikinta ke ciki, suka haɗa da injin. Da suka tafi Gado ya zauna a ƙasa.

Sai da gari ya yi shiru suka fito. Gado ya raka ta har Abena, suna bin lunguna, suna kauce wa motocin da suka ƙone. Maƙwabta duk sun tsallaka gada zuwa Kuseri a ƙetaren iyaka, amma mahaifiyarta ta ƙi motsawa. Tana ganin Lauratu ta ɗauke ta da mari, sannan ta rungume ta har suka zube ƙasa.

Da aka koma makaranta, Lauratu ta rubuta shirin da hannu a takarda, malamin ya bi shi layi-layi ya ce daidai ne. Gado bai sake buɗe shagon ba. Ya koma sayar da katin waya a bakin kasuwa, kuma in ta biyo ta wajen takan tsaya su gaisa.