Ɗakin Gumel da Ke Kano

Tun hantsi Baba Cindo yake zaune a benci a barandar ofishin rigakafin dabbobi na Gumel, ya kafa wa tarho ido kamar mai gadin tukunya. Daga Ɗanzomo ya taso da sassafe. Jiya aka wuce da 'yarsa Sabuwa asibiti a Kano, naƙuda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, mijinta Hussaini kuwa ya yi alkawarin zai bugo nan kafin azahar. A shekarar 1999, idan ba ka da babban mutum a dangi, to tarhon wannan ofishin shi ne naka.

Theresa mai buga takardu ce ta shirya komai. Ƙanwarta Miriam tana aiki a babban ofishinsu na Kano, sai Theresa ta ce wa Hussaini ya je can ya bugo.

"Baba, ka ci wani abu kuwa?" in ji Theresa.

"'Yata, cikina ba ya nan, yana Kano."

Abin da Baba Cindo bai sani ba, ranar ce Malam Yazid, shugaban ofis, ya zaɓa don nuna wa manya daga Dutse sabon aiki. Malam Yazid ya taɓa zuwa kwas a Ibadan, tun daga nan bai ƙara zuwa aiki babu kwat ba, ko da kuwa ƙadangaru na neman inuwa. Da ana kiransa Malam. Yanzu in ba ka ce Kodineta ba, kunnensa ba ya aiki.

Baƙi biyu suka iso cikin manyan riguna, aka tayar da janareto, aka yaye wa kwamfuta mayafinta mai aikin sarƙa. Ta taga Baba Cindo yana jin komai.

"Ranku ya daɗe," in ji Kodineta, "abin da za ku gani yau, akchuwali, ko a Legas ba kowa ya gani ba. Wannan kwamfutar da kuke gani, ba ita ce kwamfutar ba. Kwamfutar tana Kano. Ita ma ta Kanon, in aka bi ta ilimi, ba kwamfuta ba ce."

Babban baƙon, wani Alhaji Ubale, ya gyaɗa kai a hankali, irin na wanda ya yanke shawarar ba zai tambaya ba.

Theresa ta fito ɗebo wa baƙi ruwa, Baba Cindo ya tare ta. "Wai me yake cewa ne?"

"Baba, wani ƙaton inji ne a Kano, inda Miriam take. An yanka cikinsa ɗaki-ɗaki kamar gidan haya. Gumel na da ɗaki, Maigatari na da ɗaki, Gagarawa ma. Kowane ɗaki ji yake shi kwamfuta ne mai zaman kansa. Mu daga nan muke leƙa namu, mu yi aiki a ciki."

"Wato saniyarku na garken wani, kuna tatsa daga nan."

"Kusan haka."

"To ai sai ya ce haka."

A ciki wani ɗan akwati mai fitilu ya fara kuka, ƙiii, ƙurrr, kamar an taka wutsiyar kyanwa. Baba Cindo ya dubi tarhon baranda. Shiru. Rana ta ɗaga. Ya ce a ransa, ko dai abin ya lalace ne? Ya miƙa hannu ya ɗaga kan tarhon ya kara a kunne. Wani ihu ya cika masa kai. Ya yi sallama duk da haka, don ba a san wanda ke ciki ba, sannan ya ajiye.

"Ya yanke!" in ji Kodineta daga ciki. Ya yi gyaran murya. "Wannan, ranku ya daɗe, yanayin sararin samaniya ne. An koya mana shi."

Aka sake. Akwati ya yi kuka, hoto ya fara sauka a gilashin kwamfuta daga sama kamar ana sauke labule. Baba Cindo ya ƙara ɗagawa, ko ihun ya wuce. Bai wuce ba.

"Iskar Nijar ce," in ji Kodineta, gumi na bin wuyan kwat. "Kun san muna bakin iyaka."

Theresa ta leƙo ta taga, ta ga kan tarho a hannun tsoho. Ta fito da sauri ta durƙusa gabansa.

"Baba, don Allah ajiye. Layi ɗaya ne da na kwamfuta. In ka ɗaga, su can sun faɗo."

Ya ajiye a hankali. Sai kuma ya dube ta. "Tsaya. In layi ɗaya ne, su suna kai, Hussaini ta ina zai shigo?"

Theresa ta sunkuyar da kai.

Kodineta ya fito ya ji ƙarshen zancen. Bai yi faɗa ba, don akwai baƙi. Ya dai cire tarhon daga bango, ya rungume shi kamar ɗan akuya, ya kulle a durowa.

"Baba, aikin gwamnati ne. Ka yi haƙuri kaɗan."

"Yallaɓai, 'yata ce a hannun likita."

"Na sani, na sani. Yanzu za mu gama."

Baba Cindo ya san "yanzu" ta ma'aikaci. Ya cire takalmi ya shiga ofishin ya rakuɓe a bakin ƙofa, don ya ga ƙarshen abin da idonsa. Ba wanda ya kore shi.

Wannan karon abin ya kama. Gilashi ya cika da shuɗi, ga wasu 'yan hotuna a jere, ga wata 'yar farar kibiya a tsakiya. Kodineta ya dafa abin nan da Theresa ke kira ɓera, ya tura, kibiya ta yi tunani tukuna sannan ta bi.

"Ranku ya daɗe, yanzu haka muna Kano."

"Ikon Allah," in ji Alhaji Ubale. "Ba ko kuɗin mota."

Kodineta ya saki ɓera, ya juya wa gilashi baya, ya shiga bayani da hannu biyu. Ya yi maganar ƙarni mai zuwa. Ya yi maganar Ibadan. Aka kira sallar azahar a masallacin kasuwa yana kan Ibadan. Baba Cindo ya ji kiran har cikin ƙashinsa. Shi kaɗai ke kallon gilashin, don ba shi da wurin da zai sa idonsa.

Sai kibiya ta motsa.

Ɓera na kan tebur, babu mai taɓa shi. Kibiya ta gangara ƙasa, ta tsaya, ta buɗe wani farin fili.

"Yallaɓai," in ji Baba Cindo, "abinka na tafiya."

Kodineta ya waiga. Ya ja baya har ya taka babbar rigar baƙo. Alhaji Ubale ya fara karanta abin da ya sawwaƙa. Baƙaƙe suka shiga fitowa a farin filin, ɗaya bayan ɗaya.

Theresa ta tafa hannu. "Miriam ce! Tana gaban injin, ta shigo ɗakinmu!"

"Daidai," in ji Kodineta, yana gyara kwat. "Wannan yana cikin shirin." Ya matso ya fara karantawa da muryar mai labarai a rediyo. "Gumel... kun hau layi... kun zauna. Ga wani bawan Allah... Hussaini... tun ɗazu yana bugawa."

Baba Cindo bai san lokacin da ya iso gaban tebur ba.

"Ya ce... a faɗa wa Baba... ta haihu. Mace."

Rubutu ya tsaya.

"Uwar fa?" in ji Baba Cindo. Ya dubi gilashin ya ɗaga murya, don Kano da nisa. "Uwar fa?"

"Ba ya ji, Baba," in ji Theresa. Ta zame ta gefen Kodineta ta zauna, yatsunta suka yi ta-ta-ta. Kibiya ta tsaya cak. Alhaji Ubale, da ya zo duba aikin gwamnati, ya dafa kafaɗar tsohon da bai san sunansa ba.

Baƙaƙe suka dawo. Wannan karon Kodineta ya manta da muryar rediyo, da muryar gidansu ya karanta.

"Lafiya lau. Har tana faɗa a kawo mata kunun kanwa." Ya tsaya, ya matsa kusa. "Wai jaririyar... yatsu shida gare ta a hannun hagu."

Baba Cindo ya ɗaga hannunsa na hagu sama, ga ɗan ƙaramin yatsan da ya ba shi sunansa yana reto a gefe.

"Tawa ce!" ya ce. "Wallahi tawa ce, ba a yi musanya ba!"

Ofis ya kaure. Theresa ta rangaɗa guɗa irin ta mutanen garinsu Pankshin, masinjan ofis ya leƙo, baƙi suna ta barka kamar da su aka yi naƙudar. Baba Cindo ya yi sujada a kan siminti, ya tashi yana dariya, hawaye na bin gemu.

"Kodineta," in ji Alhaji Ubale, "na zaga ofisoshi da yawa, ban taɓa ganin injin da ya yi aiki irin wannan ba."

"Akchuwali, ranka ya daɗe, don irin haka aka ƙera shi."

Baba Cindo ya share fuska da hannun riga. "Yallaɓai, na gode wa injinka. Amma ina so in ji da kunnena."

Kodineta ya dubi gilashi, ya dubi baƙi. Akwai sauran bayani a cikinsa, ana gani. Ya cire kwat ya rataye a kujera, ya ce wa Theresa ta rubuta wa Miriam sun sauka. Da hannunsa ya kashe akwati mai fitilu, ya buɗe durowa, ya fito da tarho ya mayar a bango.

Bai gama miƙewa ba tarho ya yi ƙara.

Baba Cindo ya tsaya da hannu a sama, ya waiwayi Theresa. "Yanzu in na ɗaga, ba wanda zai faɗo?"

"Ɗaga, Baba."

Ya ɗaga ya yi sallama, Hussaini ya amsa.