Saukar da Jigo a Bakin Gada

Bayan rasuwar matarsa Jadwiga, Ludwik ya sayar da babban jirginsu na ruwa mai zanen kama iska da suka tsufa suna yawo da shi a tafkunan Mazuri, ya shiga neman ƙarami. 'Yarsa Marzena kuwa tuni ta share masa ɗaki a gidanta na birnin Warso, kullum sai ta bugo waya. Da ja-in-ja ta ishe shi, sai ya yanke mata magana: zai tuƙa jirgi shi kaɗai daga garin Gizycko zuwa garin Mikolajki. In ya isa lafiya, ta ƙyale shi a bakin ruwansa. In ya kasa, zai tattara komatsansa ya bi ta.

Tsohon malamin lissafi ne, irin mutanen nan da ko burodi za su saya sai sun juya shi sun auna. Ya samu jirgin a bayan gidan wani Romuald, yana zaune a kan 'yar tirelarsa ta ja da mota, taya ɗaya a sace, cikinsa maƙil da ganyen bara. Ko gaisuwar kirki bai gama ba ya zaro tef ɗin awo.

"Maigida, jirgi ka zo saye, ko akwatin gawa za ka yi masa?" in ji Romuald.

"Tsawonsa a kan ruwa nake nema. Shi ke faɗa maka iyakar gudunsa, ko da guguwa ce ke tura shi."

"Gudu? Wannan? Wallahi surukata ta fi shi sauri, kuma da sanda take tafiya."

Ludwik bai kula shi ba. Ya kwatanta faɗin zanen iska da nauyin jirgin, ya ga zanen bai kai ya gagari mutum ɗaya ba. Ya kwatanta ƙarfen da ke ƙarƙashin ciki da nauyin duka, ya ga in iska ta kwantar da jirgin zai miƙe da kansa, ba sai wani ya zauna a gefen sama ya danne shi ba. Nan ne wurin zaman Jadwiga a tsohon jirginsu, da kofin shayi a tsakanin gwiwoyinta. Ya naɗe tef ɗin a hankali.

"To wa zai riƙa kama maka igiya? Uwargida?"

"Ni kaɗai ne."

Romuald ya sosa ƙeya, ya wuce ya ɗauko famfo ya hura tayar da kansa.

Abu ɗaya ne awo bai faɗa masa ba, wato gadoji. Tsakanin tafki da tafki akwai mashigai da aka haƙa, gadojinsu gajeru, dole a kwantar da jigo, doguwar sandar nan mai riƙe da zane, kafin a wuce. Aikin mutum biyu ne, ɗaya a baya yana tuƙi, ɗaya a goshin jirgi yana sassauta igiya. Ludwik ya ce wannan ba matsala ba ce, zai ɗaure sandar tuƙi da igiya kafin ya tafi gaba. Duk bazara yana tsakar gida yana kwantar da jigo yana tayarwa, har maƙwabta suka daina leƙe. Sai dai jirgin da ke kan tirela ba ya karkata ko'ina, don haka ko sau ɗaya bai taɓa ɗaure sandar tuƙin ba.

Ranar tafiya iska ta yi kyau. Jirgin ya yi daidai gudun da lissafi ya ce, har da ɗan ƙari a inda iska ta biyo shi ta baya. Daɗi ya kama Ludwik, ya rasa wanda zai gaya wa. Jirage suna wucewa cike da iyalai, ana ɗago masa hannu yana ɗagawa. Ya ci burodinsa da ƙyafaffen kifi, ya zuba wa agwagi sauran.

A bakin mashigi na farko ya sauke zane, ya tayar da ɗan injin jirgin, ya shiga layi. Da gada ta matso, ya miƙe kamar yadda ya saba miƙewa tun yana da baƙin gashi, ya taka zuwa goshi, ya durƙusa ya kwance igiya.

"Riƙe shi daidai, Jadzia," ya ce, da sunan da yake kiran matarsa, ko waiwaye bai yi ba.

Jigo ya kai rabin hanya sa'ad da jirgin ya juya kai ya daki bangon siminti. Ludwik ya faɗi ta gefe, igiya ta zame masa tana ƙona tafin hannu, jigo ya rikito ya lanƙwashe a kan ƙarfen baya.

"Kai Baba! Wa ke tuƙi a nan?" wata mata ta ƙwala daga jirgin da ke biye. "Ko matarka barci take yi?"

Da suka matso ta ga mazaunin matuƙi babu kowa, sai ta kama bakinta. Mijinta ya jefo igiya, suka ja shi zuwa gaɓa, ta wanke masa hannu ta ɗaure.

"Baba, mu ma Mikolajki za mu," in ji mijin. "Mu ja ka mana. Wa zai san yadda ka isa?"

Ludwik ya daɗe yana kallon hannunsa. Jigo ana sayen wani, wannan bai dame shi ba. Abin da ya tsorata shi, da ya kira sunan matarsa ɗazu bai yi shakkar za a amsa masa ba. Ya yi musu godiya, ya ce su tafi abinsu.

Da jirginsu ya shige ƙarƙashin gada, ya zauna a kan ciyawa ya kira Marzena.

"Baba, har ka isa?"

"Ɗakin nan da kika ce. Daga tagar ana hango ruwa?"

"Wurin ajiye motoci ake gani, Baba."

"To," ya ce. "Ki zo ranar Asabar."