Makin 'Yar Lungu

Shekara goma sha tara ina koyar da lissafi, mai satar amsa tun daga bakin ƙofa nake gane shi. Don haka da na ga 'Yar Lungu ta ci tamanin da bakwai a gwajin kwamfuta, na ce yau dubu ta cika. Yarinyar da 'yan aji suka laƙaba wa wannan suna saboda kullum tana maƙale a bayan ƙofa, wadda a takardata ba ta taɓa haura talatin ba!

Dama ni ban yarda da sabuwar manhajar lissafin nan da aka sa a kwamfutocin makaranta ba. Sai ta riƙa gutsuttsura tambaya mataki-mataki kamar ana ciyar da jariri.

Na kai ƙara wurin shugabar makaranta. Ta ce, "Malam, in ta tabbata, sunanta zai fita daga jerin masu jarrabawar ƙarshe. Amma ka kawo min hujja."

Ranar Laraba na tsaya mata a ka a ɗakin kwamfuta. Na leƙa ƙarƙashin tebur, na sa ta buɗe tafin hannu, ba komai sai gumi. Na sauya mata kwamfuta, na kora maƙwabciyarta wani layin. Tamanin da biyu ta ci. Raina ya ƙara ɓaci.

Sai na sa mai kula da ɗakin ya buɗe min bayanan aikinta. Ya nuna min wani maɓalli, ya ce a darasi ɗaya kaɗai ta danna shi sau arba'in da ɗaya.

"Yawwa! Ke, zo nan. Da wannan kike tatsar amsa, ko?"

"Ba ya ba da amsa, Malam," in ji mai kula da ɗakin. "Bayanin matakin kawai yake maimaitawa."

Na juya kanta. "To ni ina aji, me ya hana ki tambaye ni?"

Ta sunkuyar da kai tana murza yatsu. "Na taɓa tambayarka, Malam. Tun muna ajin farko."

"Sai aka yi yaya?"

"Ka yi tsaki, kowa ya yi dariya. Ita kwamfutar ba ta tsaki."

Kunya ta rufe ni. Wallahi ban tuna ranar ba, ita kuwa shekara biyar tana riƙe da ita a bayan ƙofa.

Shugaba ta tare ni a baranda. "Malam, ina hujjar?"

Na ce a bar sunanta a jerin. Ta tambaye ni dalili, na kasa haɗa ido da ita.