Wardin Auta

'Yata Auta ce ta kawo itacen wardi gidan nan a baƙar leda, lokacin da ta fara aikin wanki da guga a asibiti. Ɗan tsinke ne da ganye kaɗan. Ta haƙa rami kusa da famfo, ta kira ni, ta ɗora yatsana kan wani kulli da ke gindinsa.

"Umma, kin ji nan? Ɗan aure ne. Daga kullin zuwa sama shi ne wardin, ja mai ƙamshi. Na ƙasa na daji ne, aikinsa jawo ruwa kawai. Mai furen ya ce ko za a yanka, kada a sauka ƙasa da nan."

Na ce, "To, itace ma ya yi aure, ke kina nan."

Ta yi dariya har ta zauna cikin laka.

Ta ga furensa, ta sha tsinko mini in sa a kofi. Daga baya ciwo ya kama ta, a asibitin da take goge zannuwan gado aka rufe mata ido. Aka raba tufafinta, aka zuba tarkace a ɗakinta. Wardin ne kaɗai ba wanda ya ce a ba shi.

Sai ƙanƙara ta sauko wata rana da tsakar rana. Ta fasa gilashin taga, ta huda robar wanki. Da na fito, ganyen ya zama tsumma, rassan sun tsattsage. Kafin mako sun yi baƙi.

Matar tela ta leƙo ta katanga. "Maƙwabciya, wannan kam sai haƙuri. Tuge shi ki sa tumatir, ko miya kya samu."

Na bi rassan ina kankarewa da farce. Duk sun bushe, sai guda ɗaya, sama da kullin kaɗan. Shi na tarar da kore a ƙarƙashin ɓawo. Na yago gefen ɗankwalin Auta da na ɓoye, na ɗaure inda ya tsage. Na kafa buhu ya tare masa rana. Ina ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, yadda na riƙa ba ta a cokali. Wata safiya na ga ɗan toho ja, bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Babban ɗana makanike ne. Yakan zo ƙarshen mako da burodi.

"Umma, kullum a gindin busasshen icen nan? Dubi yadda kika rame."

"Bai bushe ba. Zo ka ga toho. Kuma kada ka taɓa shi, akwai kulli a..."

"To, Umma, to."

Wayarsa yake kallo.

Ranar da na je awon jini, na dawo na same shi a tsakar gida da zarton yankan ƙarfe, yana share gumi, yana murmushi. Inda wardin yake, sai ɗan kututture daidai da ƙasa.

"A waya na gani, Umma. In aka datse shi tun daga tushe, da ƙarfi zai fito. Za ki gode mini."

Na buɗe kwandon shara. Ga kullin nan, ga reshen, ɗankwalin na ɗaure a jikinsa. Na dasa shi a gwangwanin madara, na ajiye a taga. Tohon ya yanƙwane, reshen ya yi baƙi daga ƙasa zuwa sama. Na kwance ƙyallen na wanke.

Kututturen kuwa ya fito, kamar yadda ɗana ya ce. Dogayen rassa kamar bulala, ƙaya ko'ina, har sun haye katanga. Da ya yi fure, ƙanana ne, fari-fari. Na kai hancina, ba komai. Da yamma sun zube.

Matar tela ta ce, "Ikon Allah! Ashe da sauran kwanansa. Hannun ɗanki da albarka."

Ya kwaso matarsa da yara suka zo gani. Ya jera su a gabansa ya ɗauki hoto, ya ce in shigo.

"Umma, kin ga furen Auta ya dawo?"

Na ce, "Na ga naka."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake.

Ina zuba masa ruwa har yau, tunda abu ne mai rai, kuma famfo na kusa. Amma kujerata na mayar da ita ɗaki.