Irin Geron Inna Aïchatou

Tun ranar da na ga tsohuwar nan ta sauko daga tasi a bakin layinmu na Nkembo, rungume da wata gora a ƙirji, na ce wa maigidana Sabitu, "Malam, wallahi ba ruwa ba ne a gorar can." Ya ce in kama bakina in je in yi mata sannu da zuwa. To, ni Mero ba a san ni da kama baki ba, amma dai na je.

Inna Aïchatou ke nan, mahaifiyar maƙwabcinmu Moussa, mutumin Nijar da ke dako a Port Môle inda jiragen ruwa ke sauke kaya. A shekarun nan kuɗin man fetur sun haukata Libreville. Duk inda ka waiga katafila ce ke ture tudu, manyan motoci na zubar da siminti, kowa na gini kamar gobe za a hana. Moussa ya zo neman nasa rabon tun kafin babban farin da ya cinye ƙasarsu. Da farin ya gama da ƙauyen, mutuwa ta ɗauki na ɗauka, sauran suka watse, sai ya aika aka taho masa da tsohuwar ta jirgin ruwa. Ba ta zo da komai ba sai zanen jikinta da gorar nan.

Ni ke sayar da tuwo a ƙofar gida, saboda haka kullum da hantsi tana zaune kusa da murhuna tana taya ni tsinke kuɓewa. Ba a daɗe ba ta buɗe mini gorar. Gero ne, an cuɗe shi da toka don kada ƙwari su ci.

"Iri ne, ɗiyata," ta ce. "Na gonar uban yaron nan, shi ma na gonar ubansa. Duk garinmu ba wanda ya rage da shi sai ni. Mun ci ganye, mun ci dusa, mun tone gidan tururuwa, amma ba a cin iri. Ranar da Allah ya maido ruwa ƙasarmu zan koma da shi in shuka."

Na ce Allah ya nuna mana. A raina kuwa na ce tsohuwar nan ba ta san inda ta zo ba. Garin da takalmi ke yin fumfuna a ƙarƙashin gado, ina gero zai zauna lafiya?

Haka kuwa aka yi. Damina ɗaya ta wuce, wata safiya ta zo mini, ta zazzage gorar a faifai. Na sama ya yi kore, ya dunƙule, yana wari. Muka zauna muka tsince mai rai ƙwaya ƙwaya, abin da ya rage bai cika tafin hannu biyu ba. Sai Inna ta ce ba a ajiye iri ya tsufa, in ba a sa shi ƙasa ya haifi sabo ba to ya mutu. Dole a shuka shi bana, a nan.

A bayan unguwarmu akwai gangare, a ƙasansa wani ɗan rafi da ko awaki ba sa jin tsoronsa. Filin na Maman Ntsame ne, 'yar ƙasa, mai sayar da rogo, mace mai kirki da faɗa kamar ni, shi ya sa muka shaƙu. Na yi tafinta da ɗan Faransancina na kasuwa. Ta ce a nan rani yana kamawa ne lokacin da damina ke sauka a ƙasarmu, kuma tun zamanin kakarta ruwa ba ya dawowa sai yara sun koma makaranta. In geron wata uku yake yi, a shuka yanzu a riƙa ba shi ruwa da hannu, za a girbe kafin sama ta buɗe. Sai kuma ta taɓe baki ta ce, ita dai 'yan shekarun nan ba ta gane wa sama ba, bara ma ɗan gajeren ranin da ake yi a farkon shekara bai zo ba sam.

Ta nuna mana wani fili a saman gangaren. Inna ta duba jar ƙasar, ta girgiza kai, ta gangara har bakin rafi, ta damƙo baƙar ƙasa mai laima ta shinshina. Fuskarta ta washe.

"Fadama!" ta ce. "A garinmu sai gidan maigari ke da irin wagga."

Maman Ntsame ta ce in gaya mata rafin nan barci yake yi, ba mutuwa ya yi ba. Na gaya mata. Inna ta yi dariya ta ce wanda ya ga rijiya ta ƙafe har ƙasa ba ya gudun ruwa, ruwa rahama ne. Me zan ce? Ni ma 'yar Kano ce, an haife ni ina jin ana roƙon ruwa, ban taɓa jin an roƙi a ɗauke shi ba.

Ta shuka duka, ba ta rage ko ƙwaya ba, don abin da ta rage fumfuna za ta ci. Da diddige ta riƙa rufe ramukan, tana bismillah. Daga ranar ban ƙara samun mai taya ni tsinke kuɓewa ba. Safe da yamma tana hanyar rafi da bokiti, bayanta a lanƙwashe. Moussa in ya taso daga dako, kafaɗa duk ta saɓule, sai ya karɓi bokitin.

Geron ya fito. Kai, ranar da ya fito ka ce suna ake yi! Bai yi ƙarfi kamar na gida ba, don ranin Libreville rani ne na munafunci, ba ruwa kuma ba rana, sama a rufe kamar an kifa ƙwarya. Karan ya yi siriri, amma ya tashi, ya fid da kai, ya yi bununi. Labari ya bazu. Ran Lahadi sai ka ga direbobi da 'yan tireda mutanen Nijar sun gangaro da fararen riguna, sun tsaya a bakin 'yar gonar da ba ta fi ɗaki biyu ba, suna shafa zangarniya. Na ga wani ƙato mai gemu, direban babbar mota, ya juya baya yana share ido da hularsa. Inna kuwa tana tsakiya da gwangwani da tsakuwa a ciki tana korar tsuntsaye, tana zaginsu har iyayensu.

Da ya nuna ta yanke zangarniyar da 'yar wuƙa, ta kwantar da karan a ƙasa ta yi masa gado, ta jera kawunan a kai a nan cikin gonar. Haka ake yi a gida. In kaka ta yi an gama da ruwa, sai a bar hatsi a gona ya sha rana ya bushe ƙayau kafin a ɗaure dami.

A nan muka yi faɗa da ita, faɗa na gaske.

Na ce, "Inna, don girman Allah mu kwashe shi mu kai ɗakina ƙarƙashin kwano. Nan ba Nijar ba ce."

Ta ce, "Ɗanye? In kai shi ɗaki ɗanye ya ruɓe kamar na gora? Iri sai ya sha rana, ɗiyata. Ke tuwo kika sani."

Na ce, "Wace ranar? Ɗaga kai ki nuna mini ita!"

Ta ce ai mai filin da bakinta ta ce da sauran lokaci, yara ba su koma makaranta ba. Gaskiya ne kuma, haka ta ce. Na kai ƙara wurin Moussa, ya sunkuyar da kai ya ce shi ba zai koya wa Inna hatsi ba. Na kai wurin Sabitu, ya ce ina ruwana. Haushi ya sa na yi kwana biyu ban leƙa gangaren ba. Kullum ta je ta juya kawunan, ta fasa ƙwaya da haƙori, ta ce saura kaɗan.

Ran Juma'a ce, maza duk suna masallaci. Ina kwashe tuwo sai na ji iska ta canza, ta taho da ƙanshin teku. Kafin in rufe tukunya gari ya yi duhu da tsakar rana. Ba yayyafi, ba gargaɗi, sama kawai ta tsage. Na baro tuwon a wuta na fita da gudu ba ko mayafi, na tarar da Inna a bakin layi tana ɗingishi da buhu a hannu.

Ruwan da ya sauka a kanmu ba shi ya cuce mu ba. Can sama da unguwar an aske wani tudu ƙwal, an tumɓuke itatuwa za a yi manyan gidaje, ba abin da ya rage da zai riƙe ruwa. Muna tsakiyar gangaren muka ji ƙugi. Rafin da nake tsallakewa da taku ɗaya ya taho jawur, ya fi ƙirjin mutum, ɗauke da katako da garwa da matattun kaji. A kan idonmu ya hau gonar. Na ga gadon karan ya ɗaga gaba ɗayansa, kawunan geron na jere a kai yadda ta jera su, ya juya sau ɗaya a hankali, sannan ya tarwatse.

Inna ta yi kukan kura za ta faɗa. Na rungume ta ta baya, muka zube a taɓo. Tsohuwar da iska ke iya kayarwa, wallahi sai da Maman Ntsame ta zo muka taru a kanta. Ta cije ni a hannu, har yau da tabon. Maman Ntsame tana kuka tana faɗa da yarensu, tana nuna sama, daga baya ta ce mini tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa ganin ruwa irin wannan a wannan wata ba.

Moussa ya iso da rigar Juma'arsa, bai tsaya tambaya ba ya bi rafin. Mutane na yi masa ihu ya fito, ya ƙi. Ya bi shi har inda ya shige ƙarƙashin titi, yana lalube a jikin shinge da gindin ayaba. Sai bayan la'asar, ruwa ya tsagaita, ya dawo, rigar ta koma ja, ƙafarsa na jini. Hannunsa ba komai.

Inna na zaune a kan dutse inda muka ajiye ta, ta ƙi tashi, buhun na kan cinyarta. Ya durƙusa a gabanta. Na san lallashi ya yi nufi, yaron kirki ne, bai san abin da zai ce ba.

"Inna, ki yi haƙuri. Hatsi ne kawai. Zan sa direbobi su taho miki da buhu guda daga Maradi."

Ta ɗago kai a hankali.

"Hatsi ne kawai?" ta ce. Sai ta kira sunansa, "Moussa." Gabana ya faɗi, don ɗanta na fari ne, kuma irinsu ba sa kama sunan ɗan fari ko da wasa. "Moussa, mi aka ce maka ya kashe Hawaou?"

Ni sai a ranar na san ya taɓa haihuwa. Hawaou 'yarsa ce, ita kaɗai, ya baro ta tana tatata a hannun Inna lokacin da ya taho Gabon.

Ya ce, "Zazzaɓi aka ce mini."

"Ba zazzaɓi ba ne. Yunwa ce." Muryarta ba ta ko rawa. "Gorar tana rataye bisa kanta. Ta san abin da ke ciki. Ta ce, Kaka, dama mini kunu. Na ce mata iri ne, ba a cin iri, ki bari ruwa ya zo mu shuka ki ci ki ƙoshi, ke da duk gari. Na ce in na taɓa shi yau, gobe ma zan taɓa. Ta yi ta roƙo har ta daina. Ni na hana ta, da hannuna. Na ce ranar da na gan shi ya cika gona a garinmu zan san ban yi banza ba." Ta dubi jan ruwan da ke wucewa. "Ashe wa wannan na ajiye shi."

Ban san lokacin da na toshe bakina da zane ba. Zuciyata ta karye, har yau in na tuna sai na ajiye abin da ke hannuna.

Moussa bai yi kuka ba, bai yi faɗa ba. Ya zauna daɓas a cikin taɓon. Can ya ce, da wata ƙaramar murya da ban san shi da ita ba:

"Da yawa ta roƙa, Inna?"

Ta ce, "Ludayi guda."